Aiken da Yaya Cima Ta Bar Mini

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yaya Cima Isaka a asibitin Madawa, bayan jinyar kwana huɗu. Sanƙarau ne. Shekarunta talatin da huɗu. Ta bar mijinta Malam Ilyasu, da ɗiyarta Rukaiya, da mahaifiyarta, da ƙanenta guda, wanda shi ne maigidana.

Labarin ya iske ni a Karofane ni kaɗai a gida, don Inna, mahaifiyarsu, ta tafi zaman jinya tun ranar Lahadi, ta bar ni da awaki. Ina zuba musu dusa waya ta yi ƙara. Malam Ilyasu bai ce komai ba sai in yi haƙuri. A littattafan da nake karantawa, mutuwa takan aiko da alama kafin ta zo: a yi mummunan mafarki, ko kofi ya suɓuce ya fashe, ko gaban mutum ya faɗi ba dalili. Ni ban ga ko ɗaya ba, Yaya. Awaki suka ci gaba da cin dusarsu, ni kuma na tsaya riƙe da kwano, ban san inda zan ajiye shi ba.

Mutane da yawa sun san ki a matsayin mai zanen manhajar waya. Ke ce kike tsara yadda kowane shafi zai kasance, launinsa da girman rubutunsa da wurin da yatsa zai taɓa, kafin masu gina manhajar su ɗauka su gina. Aikinki na ƙarshe na wata ƙungiyar manoma ne, manhajar da za ta riƙa gaya wa mutanen ƙauyukanmu lokacin da ake sa ran ruwa, da irin da ya dace a shuka, da gargaɗi idan fara ko tsutsa ta ɓullo. Shafi hamsin da biyu ne. Ni ce mataimakiyarki a ciki, kuma ba kowa ya san haka ba.

Ranar Asabar, kwana ɗaya kafin a kwantar da ke, kin maƙala mini ɗan saƙo a gefen shafin farko, irin wanda muke bar wa juna a cikin aikin. Kika rubuta: “Farida, rubutun jiki ya yi ƙanana ga tsofaffi. Mai da shi sha takwas daga sha huɗu. Ke za ki yi, kaina na ciwo.” Aiki ne na canza lamba ɗaya. Na ce sai kin warke mu yi tare. Kika tafi, lambar tana nan a sha huɗu, damina tana matsowa, masu ginawa suna jira, ni kuma na kasa taɓa ta. Na san da zarar na taɓa, shafi hamsin da biyu za su canza gaba ɗaya, kuma babu ko ɗaya da zai sake zama yadda idonki ya gan shi na ƙarshe. Kwana ashirin da biyu na yi a haka. Wannan rubutu saboda ke nake yin sa, amma ba zan iya yabon ki ba tare da na faɗi wannan ba.

Wata uku da kawo ni gidanku ƙanenki ya koma Abijan wurin sana'arsa, kamar yadda mazan Adar suka saba. Gidan ya zama ni da Inna. Inna mutuniyar kirki ce, sai dai kunya ba ta barin surukai su yi doguwar hira. Na gama aikin gida kafin azahar, sauran yinin kuwa sai littafi. A waya nake karantawa, ina kwance a bakin ƙofa, ina zaune a gidajen da ban taɓa gani ba, masu bene da fitilu, inda miji ke dawowa kowane maraice da furanni a hannu.

A haka kika same ni ranar da kika zo ganin Inna. Kin daɗe tsaye a kaina ban sani ba. Na zabura zan ɓoye wayar, na zaci faɗa za ki yi. Sai kika zauna a tabarmar, kika ce in ba ki labarin. Na ba ki, kina dariya har da riƙe ciki, kika tambaye ni ko shi wannan saurayin mai motoci bakwai yana da lokacin zuwa aiki. Daga nan kika karɓi wayar, kika buɗe littattafai uku, kika ce in nuna miki wanda ya fi daɗin karatu, ba labarin ba, shafin kansa. Na nuna, na ce wancan rubutunsa a cunkushe yake kamar gero a buhu, wannan kuwa an bar wa ido wurin hutawa. Kika dube ni da kyau.

“Hajiyar littafi, ashe kina da ido. Ina kinka tsaya a lakwal?”

Na ce makaranta dai a aji na ƙarshe na kolej na tsaya. Zuwanki na gaba sai ga ki da tsohuwar ordinater ɗinki, wato kwamfuta, a cikin zane, kika sa aka ƙara pano mai samar da wuta daga hasken rana a rufin ɗakina. Ke kika kira ƙanenki kika gaya masa, ba roƙo kika yi ba, sanarwa ce. Ya ce abin da Yaya ta yanke ya yanku.

Darasin farko ban ji daɗinsa ba, gaskiya. Ni zane nake so, in zuba launuka yadda raina ya raya mini. Ke kuwa kika hana ni zana ko da layi ɗaya har tsawon mako biyu. Kika ce kafin a zana shafi sai an gina rumbuna. A wurin masu wannan sana'a sunan abin variyabul, wasu kuma su ce tokan, amma ni rumbu kika koya mini, kuma da shi nake kiransa har yau. Kowane launi, kowane girman rubutu, kowace tazara tsakanin abu da abu, ana ajiye shi wuri guda, a ba shi suna. Shafi ba ya mallakar launin kansa, daga rumbu yake ɗiba. Idan aka canza abin da ke cikin rumbu, duk shafin da ke ci daga nan ya canza, ko da ɗari ne.

Kika ce in raɗa musu suna. Na yi kwana biyu ina tunani, na kawo miki jeri: jan lallen amarya, shuɗin daren farko, ruwan zumar masoyi. Kin karanta su da murya ɗaya bayan ɗaya a waya, kamar mai shela a kasuwa, har Malam Ilyasu ina jin sa yana dariya daga nesa. Bayan kin gama tsokanata sai kika tambaye ni, idan gobe manoma suka ce ja ba ya ganuwa a rana, aka mai da shi ruwan ɗorawa, me zan kira rumbun da ke ɗauke da sunan jan lalle alhali babu ja a cikinsa? Kika ce a ba abu sunan aikinsa, kamanninsa na iya canzawa. Haka muka samu launin bango, launin gargaɗi, rubutun kai, rubutun jiki, tazara ƙarama, tazara babba. Sunaye ne marasa daɗin ji. Jerin nawa kuma ba ki yar ba, kin ce in adana shi don ranar da zan rubuta littafin kaina.

Abin da ba zan iya bayyana wa mutane ba shi ne yadda yammacina ya canza. Wurin aikin a buɗe yake gare mu mu biyu, ke a Madawa ni a Karofane. Bayan la'asar, idan rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi kirki, sai in ɗauki ordinater in zauna kusa da katangar gabas, inda ya fi kamawa. In buɗe, sai in ga ƴar kibiya mai ɗauke da sunanki tana yawo a kan shafi. Ba sai mun yi magana ba. Kina can kina gyara naki, ina nan ina gyara nawa. Wani lokaci kibiyarki ta zo ta tsaya kusa da tawa, ta kewaya wani abu sau biyu, in gane akwai gyara. Wani lokaci ta zo kawai ta yi ta rawa a gabana har sai na yi dariya ni kaɗai, Inna ta leƙo ta ga ko lafiya. Shekara ɗaya da wata biyar na yi ina da abokiyar zama da ba ta cikin gidan.

Akwai laifin da na yi miki, kuma ina so a san yadda kika ɗauke shi.

Kin tsara manhajar da fuska biyu. Akwai ta inuwa, bango kore mai duhu da rubutu mai haske, akwai ta rana, bango fari da rubutu baƙi, saboda mai duba waya a tsakiyar gona. Rumbunan ne ke yin wannan: kowanne yana riƙe da abu biyu, a juya fuska su juya tare. Kika ba ni shafin gargaɗin fara in yi shi ni kaɗai, shi ne na farko da kika sakar mini. Launin rubutun da ke rumbu ya yi mini fari da yawa. Na ga wani mai ɗan ruwan madara a bangon wani littafi, ya shiga raina, sai na cire rubutun daga rumbu na shafa masa wannan da hannu. Bambancin kaɗan ne, ido ba ya kamawa. Na ce ba za ki gane ba, kuma ba ki gane ba.

Ranar kasuwar Bangi aka yi gwajin farko, kika roƙi Inna ta bar ni in bi ki. Aka taru a gefen masu sai da iri, shugabannin ƙungiya da mata kamar goma sha biyar. Rana ta take, kika juya zuwa fuskar rana, shafi bayan shafi yana fitowa fes, ana gyaɗa kai. Da aka iso shafin fara, bangon ya koma fari kamar sauran, rubutuna kuwa ya tsaya a ruwan madararsa, ya ɓace a cikin farin. Shafin da ya fi kowanne muhimmanci ya zama wayam. Wata tsohuwa, Takawa sunanta, ta karɓi wayar ta juya ta sama da ƙasa.

“Ɗiyata, wanga babu komi a cikinai. Ko hwarar ta riga mu, ta cinye rubutun?”

Aka yi dariya, amma shugaban ƙungiyar bai yi ba. Ya tambaya waye ya yi wannan shafin. Ni ina tsaye a bayanki. Kika ce aikinmu ne, kuma kuskurenmu ne, a ba ki kwana biyu. Kika tambayi Takawa me kuma ba ta gani da kyau, kika rubuta duk abin da ta faɗa.

Muna cikin mota a hanyar komawa, muka wuce gonakin albasa. Ni na fara, na ce ni ce. Kika ce kin sani tun da bangon ya juya. Kika miƙo mini gyaɗa. Can kika ce:

“Launin da kinka zaɓa ya hi nawa kyau. Da kin gaya mini, da mun zuba shi cikin rumbu kowa ya samu. Amma abin da kinka shafa da hannu, ke kaɗai kin san da shi. Ran da ba ki nan, wa za ya gano shi?”

Iyakar faɗan ke nan. Washegari kika sa na bi shafi hamsin da biyu ɗaya bayan ɗaya, ina duba kowane rubutu da kowane layi ko yana ci daga rumbu. Kwana biyu na yi ina wannan. Ruwan madarar kuma kika zuba shi a fuskar inuwa, yana nan har yanzu. Ba ki taɓa gaya wa Inna ko ƙanenki abin da ya faru a Bangi ba.

Haka kike da kowa. A zaman makoki na ji matan Babankatami suna cewa kin taɓa kwana biyu a garinsu don kawai ki ga yadda suke riƙe waya idan hannu da ƙasa. Na ji wata malamar lakwal tana cewa ke kika cike wa ɗalibanta mata takardun neman karatu a Yamai, ba ki yarda ko ruwa a sayo miki ba. Ni dai abin da na sani shi ne ba ki taɓa zuwa Karofane ba, ba tare da kin tura mini sabon littafi a waya ba, duk da kin ce ƙarya ta yi musu yawa.

Bayan addu'ar bakwai mutane suka watse. Ƙanenki bai samu zuwa ba, hanya ta yi nisa, ya yi kukansa a waya. Gidan ya koma ni da Inna, ya fi da shiru. Kowace la'asar ina zuwa katangar gabas in buɗe aikin. Kibiyata kaɗai ke kan shafi. In karanta saƙonki, in buɗe rumbun rubutun jiki, in kalli sha huɗun, in rufe. Na gwada komawa littattafaina, sai na ga kowane shafi ina duba tazararsa, ina tunanin abin da za ki ce.

Mubarak, shugaban masu gina manhajar a Tawa, ya kira ni sau uku. Mutum ne mai kunya, kullum da gaisuwar rashi yake farawa. Ya ce wasu a Bangi har sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwan farko, kuma an yi musu alkawarin manhajar kafin shuka. Ya ce za a iya adana kwafin aikin yadda kika bar shi, ba abin da zai ɓata. Na san da haka, ke kika koya mini. Amma kwafi abin ajiya ne, wannan kuwa shi ne wanda hannunki ya tashi daga kansa. A kira na uku ya ce idan abin ya yi mini nauyi ba laifi, akwai wani a Yamai da zai karɓa, sai dai shi ya ce zai sake tsarin da nasa sunayen. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

Ranar Alhamis da safe Inna ta zo ta zauna a bakin tabarmata, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce shekara da shekaru tana jin ana cewa ɗiyarta na aikin waya, ba ta taɓa ganin aikin ba, in nuna mata. Na nuna mata shafin ruwa mai hoton gajimare, da na iri, da na fara. Ta kai yatsa kusa da gilashin ba ta taɓa ba. Ta ga ɗan hotonki a gefe, inda saƙon yake, ta tambayi me ke nan. Na karanta mata. Ta sa na sake karantawa. Wurin da kika ce kanki na ciwo ta rufe fuska da mayafi.

“Kin yi?” in ji ta.

Na ce a'a. Na yi ƙoƙarin bayyana mata dalili, maganar ta fito a hargitse.

“Ni ban san wanga aiki ba,” ta ce. “Amma aike ne ta ba ki, da sunanki. Cima tun tana ƙarama ba ta barin aike shi kwana. Kwana nawa ke nan?”

Ba ta tashi ba. A gabanta na buɗe rumbun, na goge sha huɗu, na rubuta sha takwas.

Shafukan suka motsa gaba ɗaya, Yaya, hamsin da biyu, ko ɗaya bai tsaya ba. Babu wurin da kika shafa da hannu, ko a shafukan ƙarshe da kika yi kina fama da ciwon kai. Inna ta ce yanzu kam har ita tana ganin baƙaƙen, ko da ba ta san me suke cewa ba.

Sai dai shafi bakwai sun lalace. Rubutu ya yi girma ya fita daga maɓalli, wani ya hau kan hoto. A nan ne na ɗaga kai ina neman kibiyarki, don irin wannan ke nake tambaya: a rage kalma ne, ko a faɗaɗa maɓalli? Babu wanda zan tambaya. Na yanke da kaina. Wasu na rage kalmomin, wasu na ƙara tsawon maɓallin daga rumbunsa. Ɗaya ya gagare ni har bayan la'asar, sai da na raba shi biyu, yanzu shafukan hamsin da uku ne. Ban sani ba ko haka za ki yi. Na juya fuskar rana, na juya ta inuwa, na bi su duka, sannan na kira Mubarak na ce su ɗauka, kuma ba sai an nemo kowa daga Yamai ba.

Saura abu ɗaya. Ƙa'idarki ce duk saƙon da aka cika a danna masa alamar an gama, don kada wani ya zo ya sake yin aikin, kuma da an danna yake ɓacewa daga shafin. Na kwafe kalmominki a takarda da biro, har da inda kika manta ɗigo. Sannan na danna.

Ya Allah, ga baiwarKa Cima ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Duk manomin da ya duba waya a tsakiyar rana ya gani ba tare da wahala ba, Ka kai ladan gare ta. Ka haɗa ta da mahaifinta Isaka a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ilyasu, Allah Ya ba shi juriya, Ya saka masa da haƙurin da ya yi da ordinater a kan tabarmar cin abinci. Ga Rukaiya, Allah Ya raya ta, Ya ba ta idon mahaifiyarta da zuciyarta. Ga Inna, wadda ta binne ɗiyar da ta zaci ita za ta binne ta, Allah Ya sanyaya mata. Ga maigidana a Abijan, da dangi na Karofane da Madawa da Buza, da abokan aikinta na Tawa, da matan Bangi da Babankatami, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya kyautata namu ƙarshen.

Na makara da kwana ashirin da biyu, Yaya. Ki yafe mini. Aiken ya isa.

Farida Abdulhamid
Karofane